Layi Biyu, Tafinta Ɗaya: Abin da Ke Hana Shafi Buɗewa Alhali Akwai Sabis

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, daura da ƙasar Kwaddibuwa. Tun daga Laberiya har Ghana da Najeriya intanet ya yi ta jan ƙafa, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS da kwastomominsu suka yi zaman jiran gawon shanu. Darasin da masu ofisoshi da shagunan buga takardu da makarantu da asibitoci kan ɗauka daga irin wannan rana a fili yake: kada a dogara da layi ɗaya. Sai a ja faiba, ko a kafa farantin Starlink wanda ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, a ƙara da modem mai ɗauke da sim na MTN ko Airtel, a haɗa su duka a jikin rauta guda mai baki biyu, irin ta MikroTik ko TP-Link, ko wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa pfSense. Bayan an kashe kuɗi an numfasa, sai wani baƙon ciwo ya ɓullo. Fitilun rauta duk suna ci, kiran WhatsApp da aka fara bai yanke ba, amma shafin banki ya ƙi buɗewa. A sake latsawa ya buɗe, bayan minti biyar ya sake ƙi. Kowa ya ce netwok ne. Sau da yawa kuwa layukan biyu lafiyarsu ƙalau, abin da ya karye shi ne aikin nemo adireshi daga suna. Wanda ya sayi layi biyu bai yi wa wannan aiki tanadi ba, kuɗin biyu yake biya yana cin moriyar ɗaya.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk wanda ya taɓa danna "Baba" a wayarsa ya san ba sunan ne ke tafiya ba, lambar da ke ƙarƙashinsa ce. Haka intanet yake: kowace saba tana da lambarta, suna kuwa don mu 'yan Adam aka yi shi. A farkon al'amari, zamanin ARPANET, sunayen kwamfutocin kaf suna cikin fayil ɗaya mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya, kowa ya kwafo ya ajiye. Da kwamfutoci suka yawaita, littafi ɗaya ya kasa ɗauka, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983. Tsarin ya yi kama da yadda baƙo ke neman wani gida a masarauta: fada ba ta san gidan ba amma ta san hakimi, hakimi ya san dagaci, dagaci ya san mai unguwa, mai unguwa shi ne ya san ƙofar gidan. A can sama akwai sabobin tushe masu sunaye 13, daga A zuwa M. Su ne za su ce sunan da ya ƙare da .ng a tambayi ɓangaren da hukumar NiRA ke kula da shi, wanda ya ƙare da .ne kuma na Nijar ne. Wayarka ba ita ke wannan zirga-zirgar ba. Akwai wata saba ta musamman da ke karɓar suna ta je ta yi cigiya ta dawo da lamba. Mu kira ta tafinta, tunda aikinta ke nan: ta ji da harshenka, ta faɗa da harshen na'ura.

A gidan da ke da layi ɗaya ba wanda ke tuna akwai tafinta. Da zarar rauta ta haɗu da kamfanin da ke ba da intanet, kamfanin zai miƙa mata lambarta, da lambar ƙofar fita, da lambobin tafintocinsa, duka a dunƙule. Wayoyi da kwamfutocin gidan su tambayi rauta, rauta ta tambayi tafintan kamfani ta kan layin kamfanin, amsa ta dawo kafin ƙiftawar ido. Tambaya da hanyar da take bi duk na gida ɗaya ne, don haka babu inda za su saɓa.

Layi na biyu shi ke warware wannan ɗaurin. Yanzu kamfanoni biyu ne, kowanne ya miƙo tafintocinsa, kuma rauta da yawa kan zuba su a jeri ɗaya ba tare da ta riƙe cewa wannan na wane ne, wancan na wane ne ba. Zaɓen tafinta da zaɓen hanya kuma a cikin rauta ofisoshi ne daban, ba lallai su yi shawara da juna ba. Sai ka ga tambayar da aka nufi tafintan kamfani na farko da ita ta fita ta layin kamfani na biyu. Idan ta isa, tafintan ya duba ya ga lambar mai tambaya ba ta cikin kwastomominsa, sai ko dai ya ce ya ƙi, ko ya yi gum. Wannan ba rowa ba ce. Tafintan da ke amsa wa kowa da kowa makami ne a hannun ɓata-gari: su aika masa ƙaramar tambaya da lambar wani, shi kuma ya jibga wa wancan bawan Allah amsa mai ninkin girma. Da irin wannan dabara aka kai wa ƙungiyar Spamhaus hari a watan Maris na 2013, harin da aka kiyasta ya kai kimanin gigabit 300 a kowace daƙiƙa. Hikimar kowane kamfani ya kulle tafintansa ga nasa kawai ke nan. Wani lokaci ma lambar tafintan ta cikin gida ce, wadda ba a iya kaiwa gare ta sam daga waje. To idan an saita rauta ta riƙa raba kaya tsakanin layukan biyu, tambaya ɗaya za ta dace da hanyarta, ta gaba ta ɓata, shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya. Idan kuwa an saita ta ne layi na biyu ya zama na ko-ta-kwana, komai zai tafi daidai har ranar da na farko ya faɗi. Ranar nan hanya ta koma layi na biyu, amma rauta tana nan tana kiran tafintan da ya riga ya mutu tare da layinsa. Ranar da aka sayi layin dominta, ranar ce ba zai yi amfani ba.

Abin da ke ƙara rikita mai gyara shi ne ajiya. Kowace amsa tana zuwa da wa'adi, wani na daƙiƙa 60, wani na awa guda, wani na yini, kuma waya da burauza da rauta kowacce tana riƙe amsar har wa'adin ya cika. Shafin da aka buɗe ɗazu zai ci gaba da buɗewa domin lambarsa na hannu, sabon shafi kuwa ya ƙi. Bidiyon da ake kallo ba zai tsaya ba domin an riga an ƙulla zumunci da sabar, ba a bukatar sake tambaya. Hatta amsar "babu wannan suna" ana ajiye ta na ɗan lokaci, don haka kuskuren minti ɗaya kan iya wanzuwa bayan an gyara sanadinsa. Ga kuma jinkiri: kwamfuta mai Linux, alal misali, takan jira daƙiƙa 5 kafin ta haƙura da tafinta na farko ta koma na biyu, mai amfani kuma ya ga shafi yana ta juyi sannan ya buɗe farat ɗaya, ya yanke hukuncin cewa layin ne ba shi da ƙarfi. A nan ne maganin gargajiya na "kashe ka kunna" ke samun suna. Yana share ajiya, yana sa rauta ta sake jera tafintoci, abu ya yi kamar ya warke, gobe ya dawo.

Saboda haka matakin farko na bincike shi ne raba hanya da suna, kuma ba ya bukatar wani kayan aiki da babu shi a kwamfuta. A lokacin da shafi ya ƙi buɗewa, a buɗe wurin rubuta umarni a buga ping 8.8.8.8. Wannan lamba ce tsura, isa gare ta ba ya bukatar tafinta. Idan ta amsa, hanya a buɗe take. Sai a sake buga ping ɗin da suna, kamar google.com. Lamba ta amsa suna ya ƙi, an kama ɓarawo. Daga nan umarnin nslookup ya karɓi aiki, domin yana ba da damar a zaɓi wanda za a tambaya: a tambayi rauta, a tambayi tafintan kamfani na farko, a tambayi na biyu, a tambayi wani na waje, a ga wa ya amsa, wa ya yi shiru. Irin amsar ma tana da magana a bakinta. Shiru har lokaci ya ƙare yana nuna tambayar ba ta isa ba, ko amsar ba ta samu hanyar dawowa ba. REFUSED na nufin ta isa amma an ce ba kai ne ɗan gida ba, wanda kusan shaida ce cewa ta bi layin da ba nata ba. SERVFAIL na nufin tafintan ya yi ƙoƙari ya kasa. NXDOMAIN kuwa cewa yake sunan babu shi, watakila kuskuren rubutu ne kawai. Gwajin da ya fi kowanne fa'ida shi ne wanda aka fi yin kasala a kansa: a zare wayar layi na farko da hannu, a share ajiyar kwamfuta da ipconfig /flushdns idan Windows ce, a nemi shafin da ba a buɗe ba yau, sannan a mayar, a zare na biyu, a maimaita. Rautar da ba a taɓa zare mata layi da gangan ba, ba a san halinta ba.

Akwai tarkuna uku da suka fi kama mutane a inda aka dogara da modem mai sim. Na farko, modem biyu na kamfanin ƙira ɗaya sukan zo da lamba iri ɗaya. Na Huawei da yawa 192.168.8.1 ne. Kowannensu kuma yana gabatar da kansa a matsayin ƙofa kuma tafinta. Rauta ta ga ƙofofi biyu masu lamba ɗaya, kamar gidaje biyu a layi ɗaya da aka rubuta wa lamba guda, ta rasa wanda za ta kai wa saƙo. Gyaransa minti biyu ne, a shiga ɗaya daga cikinsu a canza masa zuwa 192.168.9.1, amma sai an san da shi. Na biyu ya fi wayo. Rauta takan gane layi ya mutu ne ta hanyar taɓa ƙofarsa lokaci-lokaci, alhali modem ɗin da datarsa ta ƙare, ko wanda sabis ya ɗauke masa, yana nan a kunne yana amsa sallama. A wurin rauta layin na da rai, sai ta ci gaba da zuba masa tambayoyin da ba za su wuce falo ba. Dole abin da ake taɓawa ya zama wata lamba da ke can cikin intanet, ba modem ba. A nan ne tarko na uku yake jira. Domin gwajin ya yi ma'ana, lambar da ake taɓawa dole a ɗaure ta da layi ɗaya. PfSense da kansa yake yin wannan ɗauri, a MikroTik kuma mai saiti ne ke rubuta shi da hannu. Wanda ya zaɓi 8.8.8.8, wadda lambar tafintan Google ce, a matsayin ma'aunin layi na farko, sannan ya sake zaɓenta a matsayin tafintan ofis, ya ɗaure tafintansa da layin da yake tsoron mutuwarsa ba tare da ya sani ba.

Gyara na asali hanya biyu ce, kuma dukkansu manufa ɗaya suke bi: kada tambaya ta fita ta ƙofar da ba za a amsa mata ba. Ko dai a hana rauta karɓar tafintocin da kamfanoni ke miƙowa, a rubuta mata na gama-gari waɗanda ke amsa wa kowa ta kowane layi, irin su 8.8.8.8 na Google da ya fara aiki a Disambar 2009, da 9.9.9.9 na Quad9 da ya zo a 2017, da 1.1.1.1 na Cloudflare da aka buɗe ranar 1 ga Afrilu, 2018. Ko kuma a bar na kamfanonin amma a ɗaure kowanne da layinsa, yadda tafintan kamfani na farko ba zai taɓa jin tambaya ba sai ta layin kamfani na farko. Ko wace aka ɗauka, a tabbata kowane layi yana da aƙalla tafinta ɗaya da zai tsira idan ɗayan ya faɗi, a kuma tabbata tambayoyin da rauta ke yi da bakinta suna sauya hanya, domin a na'urori da yawa dokokin raba kaya sun shafi abin da ya ratsa ta cikin rauta ne kawai, ban da abin da ita ta ƙirƙira. Sannan wayoyi da kwamfutocin ofis su riƙa tambayar rauta, kada a raba musu lambar tafintan wani kamfani kai tsaye. Na'urar da ta karɓi irin wannan lamba da safe za ta riƙe ta har sai ta sake karɓar saiti daga rauta, ko da layin ya mutu tun da hantsi.

Mai hankali zai iya tsayawa a nan ya yi ja. Zai ce tura duk tambayoyin ofis zuwa kamfanonin ƙetare na nufin miƙa musu jerin duk inda ma'aikata ke leƙawa, kuma tafintan kamfanin gida ya fi kusa, ya fi sanin sabar bidiyo mafi kusa da kai. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Manyan shafuka sukan ba da amsa daban-daban gwargwadon inda tambaya ta fito, don su tura ka rumbunsu mafi kusa, kuma tafinta na nesa kan iya sa a tura mai kallo a Kano zuwa Turai alhali akwai rumbu a Legas. Sai dai tazarar ta ragu. Lambobin nan na gama-gari ba kwamfuta ɗaya ba ce a Amurka. Lamba ɗaya ce da ake amsawa daga wurare masu yawa, kuma Cloudflare, alal misali, yana da sabobi a Legas. Na Google kuma yakan haɗa da wani yanki na lambar mai tambaya don shafin ya gane yankinsa, abin da Cloudflare ya zaɓi ƙin yi saboda sirri. Wato ko a tsakaninsu ciniki ne, a samu wani abu a rasa wani. Batun sirri kuwa, kamfanin da ya ba ka layi shi ma yana gani, don haka zancen shi ne wa ka fi yarda da shi. Wanda bai gamsu ba, hanya ta biyu tana nan, ɗaure kowa da layinsa, illa iyaka tana son kulawa, domin ranar da kamfani ya canza lambar tafintansa ba zai aiko da sanarwa ba. Abin da bai kamata a yi ba shi ne rubuta 1.1.1.1 da ƙanwarta 1.0.0.1 a ce an yi tanadi. Ranar 14 ga Yuli, 2025, kuskuren saiti a cikin Cloudflare ya ɗauke tafintan nasa a faɗin duniya na sama da awa ɗaya, lambobin biyu kuma tare suka tafi. Wanda ya ga hikimar sayen layi daga kamfanoni biyu, ita ce dai hikimar ɗaukar tafinta daga gidaje biyu.

Wani kuma zai ce ana ɗora wa DNS laifin da ba nasa ba, kuma shi ma yana da gaskiya a wasu lokuta. Shafin banki da ke korar mutum a tsakiyar aiki a ofis mai layi biyu yawanci ba suna ne matsalarsa ba. Rauta ce ta fitar da rabin hirar ta wannan layi, rabi ta wancan, banki ya ga lambar mai shiga ta canza ya rufe ƙofa. Maganinsa a sa kowace na'ura ta manne wa layi ɗaya har ta gama. Haka nan idan layi ɗaya yana ba da sabon tsarin lamba na IPv6 ɗayan ba ya bayarwa, tafinta zai iya kawo amsa sahihiya wadda babu hanyar zuwa gare ta bayan an sauya layi. Wani lokaci kuma ciwon suna ne da gaske amma ba a gidanka yake ba: ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida saboda sabobin sunan kamfanin sun janye kansu daga taswirar intanet, kuma babu saitin rautar da zai iya warkar da wannan. Amma duk waɗannan hujjoji ne na a yi gwajin raba hanya da suna tun farko. Gwajin da ke kama tafinta da laifi shi ne kuma ke wanke shi, cikin minti ɗaya.

Sauran rina a kaba guda biyu ne, kuma duka daga ƙoƙarin tsaro suka fito. Tun daga Android 9 a 2018 wayoyi suna da saitin da ke ɓoye tambayar suna a kai ta kai tsaye ga wani tafinta na waje, burauzoji irin su Firefox da Chrome su ma suna da nasu. Wayar da aka kunna wa wannan ba ta bi ta kan tafintan rauta, don haka za a iya samun mutum biyu a tebur ɗaya, ɗaya yana aiki ɗaya yana kuka, kowanne yana rantsuwa da abin da ya gani. Kafin a zargi rauta ko a wanke ta, a duba wa na'urar ke tambaya. Ɗayar kuwa ta shafi duk inda wuta ke wasan ɓuya. Idan an saita rauta ita ma ta riƙa ɓoye tambayoyinta, takan tantance takardar shaidar tafintan, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ƙananan rautoci da yawa ba su da batirin agogo; aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka sauya zuwa janareta, sai su farka da wata tsohuwar kwanan wata. Takarda ta zama ba ta inganta ba a idonsu, tafinta ya haramta. Su nemi gyara agogo daga sabar lokaci, ita kuma da suna aka rubuta ta, suna kuma sai da tafinta. Layi biyu suna aiki, ping na amsawa ta kowanne, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Ana kauce wa wannan ne da rubuta sabar lokaci aƙalla guda ɗaya da lambarta tsura, ko barin tafinta ɗaya na fili wanda ba ya bukatar takarda, sannan a ɗora rauta da modem ɗin duka biyu a kan ƙaramin batirin da zai riƙe su tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta.